Farin Yadi a Marinar Malam Gide

Ranar da dubagari ya zo da takardar rufe marina, hannuwan Malam Gide biyu suna cikin rami har gwiwar hannu, yana juya wani zane na matar Sarkin Pawa. Ya ji tsayuwar landiroba, ya ji takun takalmi sau-ciki a kan tsakuwa, amma ko ɗagowa bai yi ba.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Matsa baya kaɗan, kar kakin ya ɓaci."

Malam Abdulkarim ke nan, dubagarin da aka turo ya kula da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Saurayi ne dogo, biro uku a aljihun gaba, ga hankici da ya toshe hanci da shi, don warin marina ba kowa ke iya shaƙarsa da safe ba. Ya buɗe takarda ya karanta: kwamitin lafiya na gari ya zauna, ya ga cewa ramukan rini goma sha biyu da ke bayan kasuwar Ƙanƙara matattarar ruwa ce, sauro na hayayyafa a ciki, saboda haka ranar Asabar ta sama tifa za ta kawo marmara a cike su duka.

Sai a lokacin Malam Gide ya zaro hannuwansa, shuɗi shar kamar yadda suke shekara hamsin da wani abu.

"Malam, tun kakana ake rini a wurin nan. Ka taɓa ganin sauron da ya sauka cikin ruwan toka da shuni ya tashi da rai? Zo ka sa hannunka ka ji."

"Baba, a littafi an ce duk ruwan da ke kwance..."

"To, littafin ya zo ya sa nashi hannun. Ka koma ka gaya ma kwamiti, Gide ya ce ko da jirgin ƙasa za su kawo marmarar, yana nan."

Shekarun nan ne kuɗin fetur suka ɓarke a ƙasa, kowa ya haukace. Kwanon rufi ya hau kan gidajen da ba su taɓa mafarkinsa ba, kowane lungu rediyo na ihu, mata kuwa in ba atamfa 'yar Kaduna ba, ba su ga zane ba. Marina suka watse ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan marigayi wan Malam Gide sun tafi masaƙar Kaduna, suna yin abin da ya kashe sana'ar ubansu, ana biyansu a kai. Cikin ramuka goma sha biyu, uku kaɗai suka rage da rai. Sauran tara Malam Gide ya rufe su da tsofaffin tabarmi, ya danne da duwatsu, ba ya son ma a yi zancensu. Na farko daga gabas, wanda ke gindin tsamiya, na mahaifinsa ne, a nan aka fara tsoma masa hannu yana ɗan shekara bakwai.

Kar a zalunci kwamitin nan, ba 'yan zaman banza ba ne. Garuruwan uku sun haɗa kai, kowanne ya zaɓo nasa mutanen, liman da Sarkin Pawa da ungozoma da ma'aikacin asibiti da wakilin 'yan kasuwa, suna karo-karon mota ɗaya da dubagari ɗaya. Da aikin gayya suka yashe lambatun kasuwa, suka kwashe bolar da ta girmi rabin mutanen gari, suka ɗauke mayanka daga bakin tafki. Abin da ya gagare su shi ne kurkunu. Da damina ta faɗi sai ka ga ƙato guda, wanda zai iya nome gona shi kaɗai, yana zaune a zaure da ƙafa kumbure, yana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, ciyawa na cinye masa dawa. A ruwan tafki ake shan ta, haka ma'aikatan asibiti suka yi ta faɗa, maganin kuma a tace ruwa da ƙyalle kafin a sha.

Sai kwamiti ya sayo bandir-bandir na farin alawayyo, aka yayyaga kamu bibbiyu, ba ɗinki ba kalmasa. Aka ce wa zai raba? Aka duba aka ga ba wanda ya san kowane gida a Ƙanƙara kamar Malam Lawwali ladan. Wayyo hankali! Ba wanda ya tuna cewa shi ne dai mai shelar rasuwa, shi ne kuma mai kai likkafani gidan da aka yi rashi. Don a ƙara wa abin armashi, aka ce masa ya fara da gidajen marasa lafiya da na tsofaffi.

Hajaratu, matar Malam Gide, kwananta goma sha ɗaya a kwance da kurkunu a idon sawu. Da hantsi ta ji sallamar ladan a ƙofar gida, aka miƙo mata farin yadi a ninke, aka ce in ji kwamiti, an ce a fara da ita. Ihun da ta kurma sai da kajin maƙwabta suka tashi sama.

"Inna lillahi! Ciwon ƙafa ne fa! Ciwon ƙafa ne kawai, jama'a!"

Kafin azahar gari ya ɗauka. Wasu suka cilla nasu bayan katanga, wasu suka mayar wa ladan har gida da baƙar magana. Tsofaffi masu tawakkali suka yi godiya, suka ninke suka sa a ƙasan adaka. A Faskari aka ce wani dattijo ya auna nasa a jiki, ya aika a tambayi kwamiti yaushe za a kawo ragowar, don kamu biyu ba za su rufe shi ba. A Sabuwa kuwa mai rabon bai kai gida na biyar ba ya ajiye kayan ya yi ta kansa. Ko randa ɗaya ba a ɗaura wa yadin nan ba.

Da Malam Gide ya dawo cin abinci ya tarar da yadin a tsakar gida, an ture shi da sanda.

"Malam, ka fitar mani da abin nan daga gida," in ji Hajaratu. "Ko ka ƙone shi, ko ka kai ma wanda ya aiko ya rufe uwarsa."

Ya ɗauka ya murza tsakanin yatsunsa. Yadi ne mai kyau, saƙarsa a matse, marini kuwa ba ya iya ƙone yadi mai kyau. Don haushin kwamiti kawai ya tafi da shi marina, ya tsoma sau biyar yana shanyawa, har ya yi baƙi-baƙi yana ɗaukar ido, sannan ya wanke shi tas sai da ruwan ya daina canza launi. Da ya kawo gida Hajaratu ta juya shi gaba da baya, ta taɓe baki, ta ce yanzu dai ya zama ƙyallen mutane. Ta sa ya ɗaura mata a bakin randa don ƙuda.

Washegari da safe mai garuwa ya kawo ruwan tafki, ya ga ƙyalle a ɗaure, ya ji ƙyuyar kwancewa, ya tuttule ta samansa. Hajaratu na zaune kusa da randar ta miƙe ƙafa, rana ta faɗo daidai wurin. Sai ta ga wani abu na motsi.

"Malam! Zo ka ga ikon Allah."

A kan shuɗin ƙyallen wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsalle suna wutsil-wutsil cikin ɗan ruwan da ya rage. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Malam Gide ya durƙusa yana kallo har tsikar jikinsa ta tashi, don jiya-jiyan nan ya sha moɗa biyu na ruwan tafkin.

Suna cikin haka Lidiya ta yi sallama. Ita ce ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa wanke wa Hajaratu ƙafa, 'yar wani ƙauyen Maguzawa ce kusa da Sheme, kuma tana cikin kwamitin. Mahaifinta Ɗanhausa a wurin Malam Gide yake rina wa matansa zannuwa tun tana goye. Ta leƙa ƙyallen, ta ajiye akwatin magani a ƙasa, ta dafa ƙirji.

"Su ne! Baba, su ne masu ɗauke da kurkunun! Wata nawa ina faɗa, in na tace a farin ƙyalle na nuna ma mutane sai su ce ba su ga komi ba, wai na raina masu hankali. Fari a kan fari, ina za su gani? Bari in je in kira dubagari."

"Ba inda za ki."

"Haba Baba, wannan fa shi zai ceci marinarka."

"Ni ba zan je gaban yaron nan da ƙyalle a hannu ina roƙo ba. Shi ya ce rami na kawo ciwo. Ya zo ran Asabar da tifarsa."

Lidiya ta hau naɗe wa Hajaratu bandeji. Da ta gama ta bi shi har zaure, ta rage murya.

"Baba, ka yi mani aikin gafara. Ramuka ukun da kake aiki da su, gaskiyarka, ba abin da ke rayuwa a ciki. Amma shekaranjiya da ba ka nan na ɗaga tabarma guda a cikin na bayan. Ruwan sama ya cika shi."

"Wa ya aike ki? Ɗiyar Ɗanhausa, a gabana aka yi maki bille, yau ke ce mai yi mani bincike a marina? Fice mani daga zaure!"

Ta ɗauki akwatin maganinta ta fita. Shi kuwa ranar nan tuwo bai wuce masa ba. Da la'asar, bayan ya tabbatar ba kowa, ya je gindin tsamiya ya kawar da duwatsu, ya ɗaga tabarmar ramin mahaifinsa. Ruwa ne kore, ya kai rabi, samansa baƙi ƙirin da 'ya'yan sauro suna ta lanƙwasa. Ya daɗe a tsugune. Ya mayar da tabarmar, ya danne da duwatsun, har da ƙarin guda biyu.

Bai aika wa kowa ba, amma wanda ke da Hajaratu a gida ba ya bukatar sanƙira. Duk matar da ta zo dubiya sai an tace ruwa a gabanta, ta gani, ta yi salati, ta koma gida ta tono nata yadin daga inda ta jefa. Matan kulle suka riƙa aiko tsofaffi da shi marina. Ranar kasuwa labari ya hau motocin Faskari da Sabuwa da Daudawa, kafin Alhamis sai ga ƙullin fararen yadi suna saukowa daga kan lodi, kowanne da ɗan zare ko ƙulli na shaida. Malam Gide ya yi ta tsomawa tun daga asuba har rana ta faɗi, bayansa kamar zai tsage. Wasu tsofaffin marina biyu da suka koma sayar da goro suka zo kallo, kallo ya koma gyara masa riƙo, daga nan suka tuɓe riguna. Igiyoyin shanya suka cika, aka koma kan dangar maƙwabta.

Ranar Asabar da hantsi tifa ta iso, tana tafe tana nishi da marmara, landiroba a gaba. Malam Abdulkarim ya sauko, liman da Sarkin Pawa da Lidiya suka biyo shi. Abin da suka tarar ya sa direban tifa ya kashe mota ba a ce masa ba. Tsofaffin mata sun fi sittin zaune a ƙasa, ga magidanta masu ɗingishi da sanduna, ga matan Maguzawa da suka sauke kayansu daga kafaɗa, ko'ina ka duba shuɗin ƙyalle ne ke kaɗawa. A tsakiyar hanya Malam Gide na tsaye da muciyar rini, sandar nan mai tsawon mutum biyu.

"Baba, ka ba mota hanya," in ji dubagari, amma muryar ba ta fita yadda ya so ba.

"A kawo tulu."

Aka kawo tulun ruwan tafki. Malam Gide ya sa mutum biyu suka riƙe farin yadi, ya zuba. Ya ce dubagari ya duba. Ya duba, ba komai sai ɗan jirwaye. Aka riƙe shuɗi, ya sake zubawa daga tulun nan dai.

"To, duba wannan. Cire hankicin, ba ya cizo."

Malam Abdulkarim ya sunkuya. Ya san abin a hoton littafi, ya taɓa ganinsa sau ɗaya a madubin likita a makaranta, amma bai taɓa zaton tsohuwa za ta iya ganinsa da idonta a tsakar gida ba. Liman ya leƙa ya ce subhanallahi, Sarkin Pawa ya tofar da yawu ya ce shi da ruwan tafki sai dai a wanka. Gumi ya keto wa dubagari. Yaron ba mugu ba ne, kuma ba maƙaryaci ba ne, abin da ya sa ya ba Malam Gide wahala ke nan.

"Baba, na gani, kuma na ji kunya. Wannan aikin ya fi duk abin da muka yi wata uku. Amma ramuka goma sha biyu ne a takarda, uku nake gani a buɗe. Ka bari in ɗaga tabarmin can."

Ya taka zai nufi gindin tsamiya. Muciya ta sauko ta gitta masa a gaba.

"Kar ka kuskura."

Wata tsohuwa ta ce a bar wa bawan Allah kayansa mana, wasu suka amsa, har an fara hayaniya ana matsowa. Da Malam Gide ya ɗaga murya sau ɗaya a lokacin nan, wallahi da tifar nan ta koma da kayanta, ba kuma mai sake tayar da zancen. Ya sani sarai. Ya dubi mutanen da suka tsaya masa, ya dubi jariran da ke goye a bayan wasu, ya dubi Lidiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Ya jingine muciyar, ya tafi gindin tsamiya da kansa, ya kawar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya yaye tabarmar ya yar. Sauro ya tashi buu, na kusa suka ja da baya suna kore shi da gefen mayafi.

"Na san abin da ke ciki, Malam. Na riga ka gani." Ya juyo ya fuskanci dubagari. "Ku saurara da kyau, kai da kwamitinka. Ukun can suna da rai. Wanda zai zuba masu ƙasa sai ya fara zuba mani. Taran nan sun mutu, na daɗe da sani, na ƙi faɗa ne. Amma ba bola ba ne da za a juye masu tifa a wuce. Wanga na ubana ne. Wancan na wana ne. Mu ke binne namu."

Ya juya wajen direba. "Kai, juye kayanka nan bakin hanya. Tayarka ba za ta taka marina ba."

Direba ya dubi dubagari. Dubagari ya dubi liman da Sarkin Pawa. Liman ya ce ai ga kwamiti nan a tsaye, ba sai an koma ofis ba, shi dai ya yarda a bar ukun, a kuma kawo ragowar bandir ɗin garuruwan uku a rina a nan. Sarkin Pawa ya ce ya bi. Lidiya ta ce ta bi tun shekaranjiya. Malam Abdulkarim ya zaro biro guda ya ja layi a takardarsa, ya ɗaga wa direba hannu. Marmara ta zube a bakin hanya, jar ƙura ta tashi.

Nan da nan aka fito da kwanduna da kwanonin gini, magidanta suka yo kan tulin ƙasar. Malam Gide ya tsayar da su.

"Na farkon nan ba mai sa mani hannu."

Haka suka tsaya suna kallon tsoho ɗan shekara sittin yana cika kwando, ya ɗora a ka, ya taka har gindin tsamiya, ya juye, ya dawo. Rami ne mai zurfin gaba biyu, ba ya cika da wasa. Rana ta take, rigarsa ta manne a jiki, wuyansa na karkarwa a ƙarƙashin kaya. Sau biyu dubagari ya matso zai karɓa, sau biyu aka harare shi ya koma. Tsofaffin da suka san mahaifinsa suka fara share ido. Tun ana jin faɗuwar ƙasa cikin ruwa har aka daina ji.

Sai bayan azahar ramin ya cika. Malam Gide ya hau kai ya tattake da ƙafafunsa, ya bi gefe-gefe ya daidaita. Ya tsuguna ya dafa ƙasar da tafin hannu, hawaye na bin gemunsa, bai kuma ɓoye ba.

"Baba, ka yafe mani," in ji Malam Gide a hankali, yana duban ramin mahaifinsa.

Sannan ya miƙe, ya fyace hanci, ya dubi taron da dubagarin da ke tsaye da kwando a hannu.

"To, mi kuke kallo? Saura takwas."